Takwas Cikin Goma? A Bakin Wa, Kuma Da Ruwan Ina?

Idan kana cikin masu kwana da waya a hannu, na san ka ci karo da su. Saurayi ne ko budurwa a gaban kyamara, an jera kwalayen ganyen shayi kala-kala a kan tebur: wannan mai lemun tsami, wancan mai citta, ga na na'ana'a, ga wani ja mai hoton 'ya'yan itacen da ko a Kasuwar 'Yan Lemo ba ka taɓa ganin irinsu ba. A tsoma, a kurɓa, a lumshe ido, sai ka ji an ce "takwas cikin goma". Washegari wata ta tura ƙaninta shago da hoton kwalin a waya, ta ce wannan take so, kada ya kawo mata wani.

Ni ba na cikin masu cewa wannan shirme ne. Ina kallo, ina kuma jin daɗi. Matashin da ya zauna ya ɗanɗana abin da muke saye kullum ya faɗa mana gaskiyarsa ya yi wa aljihunmu aiki, har ya fi mai yi mana rawa a bakin titi amfani. Abin da nake ƙi shi ne makin da ba a san daga inda ya fito ba. Wanda ya ce takwas, da wane ruwa ya dafa? Minti nawa ya bar ganyen a ciki? Ya zuba madara? Da kuɗinsa ya sayo kwalin, ko aiko masa aka yi tare da ɗan abin sa kati? In ba a faɗi waɗannan ba, lambar nan ba ta da bambanci da sakamakon jarrabawar da malami ya rubuta bai duba takarda ba. Kuma mai biyan kuɗin kuskuren kai ne, mai kallo.

Bari in kai ka yankinmu, don a can ne maganar take da nauyi. Ka bi titin Zariya daga Kano, tafiyar kusan kilomita 30, ka iso Kura. Daga nan zuwa Bunkure da Garun Malam ƙasar noman rani ce, wadda ruwan madatsar Tiga ke shayarwa tun bayan da aka kammala ta a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo. Lokacin hunturu, sa'ilin da alkama da tumatir da albasa ke gona, mai ban ruwa kan fita tun duhun asuba, ya shiga laka da ƙafa, iska tana yanka masa kunne. A Kwanar Gafan kuwa masu lodin kwandunan tumatir kwana suke yi a tsaye. Ga waɗannan mutane shayi abinci ne. Shi ne karin kumallo, shi ne rigar sanyi, wani lokacin shi ne abincin dare idan an haɗa da burodi da ƙwai. Teburin mai shayi shi ne wurin da ake jin nawa kwando ya kwana, da ranar da za a sako ruwa a kanal. Wanda ya shigo wannan wuri da kwalin shayi mai ƙamshin alawa yana cewa an ba shi tara a TikTok, dariya kawai za a yi masa, kuma masu dariyar suna da hujja.

Amma kada ka ɗauka kwalayen ba su iso ba. Sun iso. Motocin da ke ɗauko kaya daga Kasuwar Singa sun cika kantunan Kura da su, amare na jera su a kicin, ɗalibai irina muna tafiya makaranta da su a jaka. Shi ya sa ya kamata mu san abin da ke cikin 'yar jakar nan.

Ganyen shayi, baƙi ne ko kore, daga bishiya ɗaya yake fitowa. Bambancin yana wajen sarrafawa: baƙin ana murje shi a bar iska ta buge shi har ya canja kala, koren kuma ana tsayar da shi da zafi tun da wuri. Wanda ake ɗurawa a jaka galibi inji ne ya niƙe shi ƙanana, shi ya sa yake sakin kala da sauri, shi ya sa kuma yake saurin yin ɗaci in ka manta da shi a kofi. Kowace jaka ba ta wuce kimanin giram 2 ba, ke nan kwali mai guda 25 giram 50 ne kacal, wasu masu ƙamshin ma ba su kai haka ba. Mu nan duk jakar shayi "Lifton" muke ce mata, kamar yadda duk sabulun gari ya zama "Omo". Asalin sunan na Thomas Lipton ne, wani mai kanti ɗan birnin Glasgow da ya sayi gonakin shayi a tsibirin da yau ake kira Sri Lanka a 1890. Top Tea mai zagayen jaka na kamfanin Promasidor ne, masu madarar Cowbell. Muna kuma da namu na gida da yawancin masu bidiyon ba sa ko ambata: Highland Tea, wanda ake nomawa a Kakara, kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba.

To ina lemun tsamin yake, ina cittar? Nan ne gizo ke saƙar. Juya bayan kwalin. Ƙa'idar rubuta kayan haɗi ita ce a fara da wanda ya fi yawa, a gangaro zuwa mafi ƙanƙanta. A wasu kwalayen za ka ga an rubuta citta ko ɓawon lemo a fili, wani lokacin har da kashi nawa ne cikin ɗari. A wasu kuwa abu biyu ne kawai: ganyen shayi, sai sinadarin ƙamshi. Ma'ana, hoton cittar da ke gaban kwalin hoto ne, abin da ke ciki ƙamshinta ne aka fesa wa ganye. Wannan ba laifi ba ne a doka matuƙar an rubuta. Amma mai ba da maki da bai juya kwalin ya karanta maka ba, ya ɓoye maka rabin labarin.

Su ma masu sana'ar ɗanɗana shayi a duniya ba haka kawai suke kurɓa ba. Hukumar tsara ƙa'idoji ta duniya, ISO, tana da ƙa'ida mai lamba 3103 tun 1980: giram 2 na ganye ga kowane mililita 100 na tafasasshen ruwa, a rufe, a bar shi minti 6. Ba wai haka shayi ya fi daɗi ba ne, a'a, manufar ita ce mai ɗanɗanawa a Mombasa, inda ake gwanjon shayin Kenya, da takwaransa na Landan su zama abu ɗaya suke magana a kai. Lissafa ka gani: da wannan ma'auni, kofi madaidaici jaka biyu yake ci. Mu kuwa jaka ɗaya muke tsomawa a ƙaton kofin silba, mu fizge ta bayan daƙiƙa ashirin, mu ajiye a gefen faranti don ta sake aiki da yamma.

Da wannan a raina, hutun da ya wuce muka yi namu gwajin a zauren kawuna, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Kala shida na sayo da kuɗina. Ba zan faɗi sunayen kamfanonin ba, don bakin mutum bakwai na yamma ɗaya bai isa a yanke wa kayan kowa hukunci ba, nau'in kawai zan faɗa. Ƙanwata ce ta dafa a cikin gida, ta yanke takardun da ke jikin zaren, ta sa wa kowane kofi lamba, ruwa daidai, lokaci daidai. A zaure akwai ni, da Kawu, da samari biyu masu yi masa ƙwadago, da mai shayin unguwar wanda muka roƙa ya rufe tebur na awa ɗaya. Inna da ƙanwata suna ɗanɗana nasu a ciki, yaro na kawo mana hukuncinsu. Kowane shayi sau biyu muka sha, ruwan bunu da kuma da madara.

Mai lemun tsami ne ya fi kowa cika zaure da ƙamshi. Kurɓar farko akwai daɗi, ba ƙarya. Kafin kofin ya kai rabi ƙamshin ya gudu, ya bar ruwa mai ɗan bauri. Sai mai shayin ya ce a zuba masa madara a gani. "Ɗan makaranta," ya ce da ni, "in da lemun gaske a ciki, yanzu madarar nan za ta tsinke." Aka zuba, ko gezau. Gaskiyarsa ce, tsami shi ke tsinka madara, kuma shi ne ke sa baƙin shayi ya washe idan ka matsa masa lemo. Wanda bai yi ko ɗaya ba, ƙamshi ne kawai. Ni na ba shi shida a ruwan bunu. Samarin nan biyu uku suka ba shi, ɗayansu ya ce wannan shayin wanda ya riga ya ƙoshi ne.

Mai citta shi na fi sa wa rai. Kawu ya kurɓa, ya yi shiru, ya sake kurɓa, sannan ya ce, "Wannan daga nesa aka nuna masa cittar." Cittar gaske tana kama maƙogwaro, ta sauka ƙirji, ka ji gumi ya tsatstsafo ko da hunturu. Wannan kuwa a hanci ya tsaya. Duk da haka, cikin masu ƙamshin shi kaɗai ya zauna lafiya da madara, saboda haka ya tashi da biyar zuwa shida, kuma in kana ɗakin kwanan ɗalibai ba turmi ba tukunya, ya fi babu nesa ba kusa ba.

Na'ana'a iri biyu na kawo, kuma a nan aka fi yin gardama. Na farko baƙin shayi ne da aka sa wa ƙamshinta. Ɗaya daga cikin samarin ya ce kamar ya wanke baki da safe ya haɗiye kumfar, kowa ya fashe da dariya don kowa ya ji hakan. Na biyu busasshen ganyen na'ana'a ne zalla, babu shayi a ciki ko kaɗan. Daga cikin gida aka aiko cewa wannan ya yi, Inna ta ba shi takwas, ta ce irin wanda ake so bayan cin tuwon dare ne. A zaure kuwa aka ce ruwan zafi ne mai ƙamshi, ba ya riƙe ciki, ba ya kore barci. Duka ɓangarorin sun yi gaskiya. Na'ana'a zalla ba ta da sinadarin kafin da ke wartsakar da mutum, don haka ta dace da mai shirin kwanciya, ba ta da amfani ga mai shirin shiga ruwa da asuba. Kofi ɗaya, takwas a ɗaki, biyu a zaure. Wanne ne makin gaskiya? Ka ga dalilin da ya sa lamba ita kaɗai ba ta isa ba.

Mai ƙamshin alawa ba zan ɓata maka lokaci a kansa ba. Yara sun so shi.

Sai na shida, ja wur, wanda ya fi duka tsada, mai hoton jajayen 'ya'yan itacen ƙasar Turai. Ko minti ɗaya ba a yi ba yaron ya dawo da gudu: "Inna ta ce wai wa ya dafa zoɓo bai sa citta ba?" Muka ɗauko kwalin muka juya. Abu na farko a jerin kayan haɗin, wato mafi yawa, furen zoɓo ne da sunansa na Turanci. Shiru ya ɗan ratsa zauren. A bakin gonar Kawu, kamar a bakin gonakin rabin ƙauyen, yakuwa ce a jere ta zama shinge.

Bayan an gama, ba tare da ya faɗa mana ba, mai shayin ya aika aka ɗebo daga butarsa aka sa a layi a matsayin kofi na bakwai. Baƙin shayi ne mara ado, irin mafi araha, an tafasa shi da dakakkiyar citta da kanumfari da ɗan masoro. Ba sai na faɗa maka wanda ya ci gasar ba. Har cikin gida.

Abu ɗaya kuma da ba mu zata ba: da muka sake dafa baƙin shayin da ruwan burtsatse maimakon ruwan leda, kalarsa ta fi duhu, wani ɗan yanayi ya taso a samansa kamar mai, ƙamshin lemun kuma ya ƙara dushewa. Ruwan da ke da gishirin ƙasa da yawa haka yake yi wa shayi. Wanda ya ba da maki a Abuja da ruwan gora, kai kuma ka dafa da ruwan rijiyar gidanku, ba abu ɗaya kuka sha ba.

Kada ka fahimce ni a karkace. Jakar shayi tana da ranarta. Tana da tsabta, ba ta buƙatar daka, tana shiga aljihu, ɗalibi mai hita da kofi ɗaya ya gama haɗa karin kumallo cikin minti biyar. Mai ciwon da aka hana shi madara da siga ma, ƙamshin kan taimaka masa ya sha ruwan bunu ba tare da ya ji kamar magani yake sha ba. Sai dai ka san me kake biya: takarda, zare, kwali, leda, talla, da kuɗin jirgi in daga waje yake. Ganyen kansa shi ne ƙaramin kaso.

Maganar zoɓon nan ta tsaya mini a rai, don ita ce ta fi ciwo. Zoɓon da ake nomawa a Jigawa da Kano da Katsina ana tara shi a Kasuwar Dawanau, a ɗura a buhu, a loda a kwantena. Babbar mai sayensa ita ce ƙasar Meziko, inda suke jiƙa shi su sha kamar yadda muke yi. Wani kuma yana tafiya Turai, inda furen zoɓo ke cikin manyan kayan haɗin jajayen shayin 'ya'yan itace, don shi ke ba da kalar da tsamin. Ya fita a buhu da farashin manomi, ya dawo a kwali giram biyu-biyu da farashin kanti, mu kuma mu ɗora shi a bidiyo mu ba shi tara, alhali wanda ake ƙullawa a leda a ƙofar gidanmu ko kallo bai ishe mu ba. Haka citta. Kudancin Kaduna, wajen Kachia da Jaba da Kagarko, na cikin manyan wuraren nomanta a duniya. A 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin ta cinye mafi yawan amfanin shekarar, farashi ya yi tashin gwauron zabo, duk mai shayi a Kano ya ji a jikinsa. Kwalin da ƙamshi kawai aka fesa masa kuwa ko a jikinsa, don dama ba da cittar manomi aka yi shi ba.

Kuma Kura ba baƙuwar fitar da kaya ba ce. Turkuɗin da marinanta suka rina ya daɗe yana ratsa Sahara zuwa kan Buzaye, mutanen da suka fi kowa sanin darajar zama a dafa shayi sau uku a ƙaramar buta. Garin da ya iya wannan, kuma yake zaune a bakin kanal, bai kamata a ce na'ana'ar da ke cikin kwalayen kantunansa daga wata ƙasa ta zo ba. Ganye ne da ba ya neman komai sai ruwa. Akwai matasa a Kano da suka fara busar da zoɓo da zogale da citta suna ɗurawa a jaka, kana ganin tallansu a Instagram da WhatsApp. Waɗannan su suka fi buƙatar mai ɗanɗanawa na gaskiya, wanda zai ce musu wannan ya yi ƙura, wancan bai bushe ba yana warin gumi, ga kuma wanda ya fi na waje. Yabon "mu tallafa wa namu" ba zai gyara musu kaya ba.

Yanzu ga inda karatuna ya shigo. Abu na farko da ake koya mana a sashen aikin jarida shi ne raba labari da talla. Jarida in ta karɓi kuɗi ta buga yabon kaya, dole ta rubuta a sama cewa talla ne. Mai waya a hannu da mabiya dubu hamsin jarida ne, ko ya yarda ko bai yarda ba. A Amurka, a 2020, hukumar kare masu sayayya ta FTC ta kai kamfanin shayi mai suna Teami kotu, bisa iƙirarin cewa shayinsa na rage ƙiba da magance cututtuka ba tare da hujja ba, da kuma biyan fitattun mutane su yaba shi ba su bayyana a fili cewa an biya su ba. An yanke wa kamfanin dala miliyan 15.2, aka dakatar da mafi yawan kuɗin bayan ya biya miliyan 1, aka kuma aika wa masu tallan takardun gargaɗi, ciki har da mawaƙiya Cardi B. A nan gida ma, dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON ta shafi tallan da ake yi a kafafen sada zumunta. Amma kai da ni mun san ba wani jami'i da zai zo Bunkure duba bidiyon wani. Mai kallo ne kaɗai ɗan sandan da ke kusa. Ka tambaya, da ladabi: Yaya, saya kika yi ko aiko miki aka yi?

Tambayar ta fi zama dole idan aka zo kan shayin rage ƙiba da na "wanke ciki", wanda 'yan mata suka fi faɗawa. 'Yar'uwa, juya kwalin. Da yawansu ganyen filasko ne a ciki, wanda kakanninmu suka sani sarai a matsayin maganin sa gudawa, kuma ba kullum suke shan sa ba. Nauyin da kika ga ya ragu a sikeli bayan kwana uku ruwan jikinki ne ya zube, kitsen yana nan. Yawan shan sa yana kwashe gishirin jiki, ya kuma sa hanji ya saba har ya kasa aiki sai da shi. Tun 2019 Instagram ya taƙaita nuna irin waɗannan tallace-tallace ga 'yan ƙasa da shekara 18. Lambar NAFDAC a jikin kayan ganye ma ki fahimce ta: tana nufin an duba an ga ba ya cutarwa yadda aka ce a sha shi, ba ta nufin hukumar ta tabbatar yana maganin abin da aka rubuta. Shi ya sa sau da yawa za ki ga ƙaramin rubutu a ƙasa yana cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Wanda ba shi da lambar ma gaba ɗaya, ko aka goge ranar lalacewarsa, wannan ba ya buƙatar maki, kwandon shara yake buƙata.

Tunda gaskiya muke faɗa, teburin mai shayi ma ba zai tsira ba don ya ci gasar zaurenmu. Sigan da ake zubawa a kofi ɗaya na haɗin kauri, in ka gan shi a tafin hannu sai ka tsorata. Gadagi da wasu 'yan ƙwadago ke sha don ƙarfin aiki, ba mai iya faɗa maka takamaimai abin da kowane mai dafawa ya zuba a tukunyarsa, kuma ba asiri ba ne cewa akwai samarin da ke kora ƙwaya da shayi kafin su shiga gona. Shi kansa baƙin shayin yana da nasa: sinadarin da ke ba shi bauri yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake da ganye. Ga mai juna biyu ko yarinyar da jininta ya yi ƙasa, ya fi kyau a bar tazarar kamar awa guda tsakanin abinci da shayi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta shawarci masu ciki da ke wuce miligiram 300 na kafin a rana su rage, kofin baƙin shayi kuwa yana ɗauke da kimanin 40 zuwa 50. Ban taɓa ganin bidiyon ba da maki da ya ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ana dai ta lumshe ido.

Saboda haka, kai mai shirin kunna kyamara, ba cewa nake ka daina ba. Ka yaga jakar ka zazzage ta a farar takarda mu ga abin da ke ciki, ganye ne ko ƙura, akwai gutsuren citta ko babu. Ka karanta mana bayan kwalin da Hausa, don yawancin masu sayen ba za su karanta ba. Ka sa wani ya ɓoye maka sunan kafin ka kurɓa, za ka sha mamakin yadda tsadar kwali ke ƙara wa harshe daɗi. Ka toshe hanci ka kurɓa sau ɗaya, in komai ya ɓace to turare ka saya. Ka faɗi ruwan da ka dafa da shi da mintin da ka bari. In aiko maka aka yi, ka faɗa tun a farkon bidiyon, ba a can ƙarshe da ƙaramin rubutu ba. Sannan in ka zo ba da makin, ka ce na wane ne: na ɗalibi mai karatun dare, na Inna bayan sallar isha, ko na mai ban ruwa da zai fita ƙarfe biyar na asuba.

A layin kuma ka bar gurbi ɗaya ga baƙin shayi mara ado da aka tafasa da citta da kanumfari na kuɗi kaɗan daga mai koli, ɗaya kuma ga zoɓon gida mai zafi ba siga. Mai shayin unguwar kawuna ya ce duk mai son gwadawa ya same shi bayan magariba, ya zo da kwalinsa da kofinsa, ruwan zafi kyauta ne amma madara da kuɗinta.